Injin yankan nama a gida: mu auna kafin mu saya



Yau ina son mu yi magana bisa wani ƙaramin inji da ya fara shiga gidajenmu, watau injin yankan nama. Ana ganin shi a kantunan Yamai, wani lokaci har a kasuwar Tawa ta Lahadi, cikin kayan da aka riga aka yi aiki da su a ƙasar Turawa. Ƴan biɗa masu komowa daga Libiya da Aljeriya da Abijan su ma suna kawo shi tsaraba. A ƙauyuka uku da nake zagayawa an tambaye ni ko ya kamata a saye shi domin kilishin Layya. Ga amsata tun da farko: magidanci shi kaɗai kada ya saya, amma ƙungiyar da ke da wuta da firigo tana iya saye, in ta san aikin da za ta ba shi. Bari in faɗi dalili.

Abin da na gani da idona

Layyar shekara ta 2024 ta zo cikin watan Yuni. Na yi ta a Tawa, gidan wani ɗan kawuna da ya yi shekara biyu yana aikin gini a Libiya. Cikin kayan da ya komo da su har da wannan inji, sabo cikin kwali. Kuɗin da ya zuba ciki sun isa sayen akuya. Ya ce bana ba zai biya mahauci ba, shi zai yi wa iyalinsa kilishi da kansa.

Da aka sauko daga idi aka yanka rago, aka feɗe. Kafin a kafa shi bakin wuta kamar yadda muka saba, sai ya cire cinya guda ya ajiye. Ya cire ƙashi, ya ɗora tsokar bisa inji tana da sauran ɗumi, ya kunna. Naman ya ƙi tsayawa. Wuƙa tana juyawa, nama yana lanƙwashewa yana maƙalewa bayanta. Abin da ya fito gutsattsari ne, wani da kauri, wani kamar tsumma. Jijiya ta naɗe ga gindin wuƙar. Ya ci gaba da dannawa da ƙarfi har muka ji ƙaurin waya, inji ya tsaya.

Muna jiran ya huce, ɗansa mai shekara 12 ya ɗauki tsumma zai share masa wuƙar. Nan take ta kama shi ga ɗan yatsa. Muka ɗauke shi sai likita, aka ɗinke, aka yi masa allura. Kafin mu komo la'asar ta yi, nama yana cikin tasa tun hantsi, ƙudaje sun same shi. Rabin cinyar nan sai zubarwa aka yi.

Wani tsohon mahauci maƙwabcinsu ya leƙo gaida yaro. Ya ɗauki inji ya juya shi, ya duba wuƙar, ya ce da ɗan kawuna: "Ɗana, nama shina da hanyatai. Yuƙa ita ka bin nama, wanga abu kuwa so shikai nama shi bi shi." Na daɗe ina tunanin wannan magana, don duk abin da zan faɗa muku yana cikinta.

Washegari aka sauke ragon da ya kwana gasasshe, ya huce, ya yi tauri. Muka gwada wata tsoka daga cikinsa. Sai ga yanka yana fita sumul, kowane daidai da ɗan'uwansa. Ashe inji lafiyarsa lau, aikin da ba nasa ba aka ba shi.

Daga ina ya fito, kuma don me aka yi shi?

Wani mahauci ne na birnin Rotterdam a ƙasar Holan, mai suna Wilhelm van Berkel, ya ƙago shi a shekara ta 1898. Nasa da hannu ake juya shi. A ƙasarsu akwai sanyi, kuma naman da suke sayarwa a kanti an riga an sa masa gishiri, ko an yi bandarsa, ko an dafa shi. Ya zama dunƙule mai tauri, ba ƙashi a ciki. Irin wannan nama aka yi wa inji, da cukunsu mai kauri, da burodi.

Ƙaramin da ake kawo mana na cikin gida ne. Yana da wuƙa mai zagaye kamar faifai, faɗinta bai cika wuce santimita 17 zuwa 22 ba. Akwai faranti mai kai da komo inda ake ɗora nama, da abin danna nama mai kare yatsu, da wani maɓalli mai lambobi da ke ƙara kaurin yanka ko ya rage shi. Ƙarfin motarsa kaɗan ne, yawanci wat 100 zuwa 200. Masu araha da yawa haƙoran cikinsu na roba ne, kuma ba a yi su don dogon aiki ba: minti 5 ko 10, sai a kashe su huce. Wanda ya matsa musu, mota ta ƙone ko haƙori ya cinye, kuma a Tawa samun kayan gyaransu da wuya. Araha ba ta ado.

Kilishi aikin hannu ne

Kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa ya kalli mai kilishi yana aiki. Yakan ɗauki tsoka guda ta cinyar sa, ya sa wuƙa, yana yanka yana juyawa, yana warware ta kamar mai warware rawani. Dunƙulen da bai fi tafin hannu biyu ba sai ya zama shimfiɗa mai tsawon kamu ɗaya ko biyu, siririya har ana ganin hasken rana ta cikinta. A shanya bisa karan dawa, ta bushe. In ja ko fari za a yi, a tsoma cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa. In rumuzu ne, mai da gishiri da yaji sun isa.

Inji bai iya wannan warwarewa ba. Shi yanka yake yi daga gefe guda zuwa gefe guda, kuma yankansa ba ya wuce faɗin wuƙarsa. Ko da komai ya tafi daidai, abin da za a samu ƴan faya-faye ne kamar tafin hannu. Ana iya shanya su a ci, suna da daɗi, amma mai saye a tasha ba zai kira su kilishi ba.

Wannan sana'a kuwa tana da daraja fiye da yadda muke zato. A shekara ta 2023 ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin sana'o'i da kayan ƙasashen Afirka, wadda mazauninta ke Yawunde a Kamaru, ta miƙa wa ƙasarmu takardun shaidar kilishin Nijar da albasar Galmi. Ma'anarsa, sunan nan namu ne, kuma wanda zai sayar da kaya da sunan sai ya bi hanyar da aka sani. Dukansu biyu jiharmu tana da babban rabo ciki, tun daga Madawa har Tawa. Saboda haka ladan da muke ba mahauci ranar Layya kuɗin gwaninta ne. Shi ke sa yaronsa ya zauna kusa da shi ya koyi wuƙa.

Abu uku da inji ke bukata

Na farko, wuta. Injin nan na kuran ne mai ƙarfin 220. Ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana da batir mai 12, wanda ke ba mu fitila da cajin salula, ba zai juya shi ba sai an sayi wata na'ura mai juya wutar batir, ita ma da kuɗinta. Ko cikin gari mun san kuran ba shi da tabbas. Mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024.

Na biyu, sanyi. Ɗanyen nama ba ya yankuwa bisa inji sai ya sandare. Ana sa shi cikin firigo mai ƙanƙara awa ɗaya ko biyu, har ya yi tauri kamar sabulu, amma kada ya zama dutse. Gidan da ba firigo, ɗanyen nama ya fi ƙarfin injinsa. Gida nawa ke da firigo a Barmu, ko Afala, ko Takanamat?

Na uku, ruwa mai tsabta da sabulu. Inji yana da lunguna: bayan wuƙa, gindin wuƙa, ƙarƙashin faranti. Jini da kitse suna shiga su ɓuya. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna haihuwa da sauri in zafi yana tsakanin digiri 5 da 60, mu kuwa watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. A Amurka dokar abinci ta ce injin da ke aiki a kanti a kwance shi a wanke duk bayan awa 4, ga su da sanyi da ruwan famfo. Wuƙar mahauci kuwa fuska biyu gare ta, an wanke an goge, shi ke nan. Matar da ke zuwa rijiya mai gaba ishirin ta san abin da bokiti guda na wanke inji yake nufi.

Mu yi lissafi

Ku da kuka sha wahalar karatun yaƙi da jahilci, ga wurin da alƙalami zai yi muku rana. Magidanci a ƙauye sau nawa yake yanka dabba a shekara? Layya, suna in an yi haihuwa, wataƙila biki. Mu ce kwana 3. Shekara kwana 365 ce. Kwana 362 inji yana cikin kwali, ƙura tana shiga motarsa, tsatsa tana cin wuƙarsa. Kuɗin da suka kwanta cikinsa, da akuya aka saya da ta haihu. Da buhun hatsi aka saya lokacin kaka, da an ci shi tsakiyar damana sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Ɗanmu da ya ƙetare hamada ya ɗauki siminti bisa kansa shekara biyu, guminsa ya fi ƙarfin abin da za a ajiye bisa kabad don baƙi su gani.

Wani zai ce, Turawa sun ci gaba da injuna, mu sai mu zauna da wuƙar kakanni? Tambaya ce mai kyau, kuma ni ba maƙiyin inji ba ne. Injin niƙa ya hutar da matanmu daga dutsen niƙa. Injin ban ruwa ya faɗaɗa garakan albasa daga Galmi har Tamaske da Tabalak. Waɗannan sun karɓu don kullum ana aiki da su, kuma suna maida kuɗinsu. Haka za mu auna kowane inji: kwana nawa zai yi aiki a shekara, wa zai gyara shi in ya lalace, nawa zai shigo da shi.

Inda ya yi amfani

Bayan Layyar nan na ari injin ɗan kawuna. Cikin watan Maris na 2025, lokacin da albasa ta cika kasuwa kuɗinta ya faɗi, na kai shi ga wata ƙungiyar mata da nake aiki da ita, inda akwai kuran. Kowa ya san asarar da muke yi cikin rudu: a zuba albasa da yawa, bayan ƴan watanni a tarar wani kashi ya ruɓe. Matan nan sun saba yanka albasa da tumatir da hannu suna shanyawa. Wahalar ita ce yankan hannu ba ya zama ɗaya. Siriri ya bushe ya ƙone, mai kauri ya rage da ruwa ya yi fumfuna cikin buhu.

Muka sa maɓalli bisa lamba guda, muka bar shi nan. Albasa tana da tauri, ba ta da jijiya, inji ya yi ta yanka ta daidai wa daida. Duk ta bushe lokaci ɗaya, launinta ya yi kyau. Mace biyu suka koyi aikin, su kaɗai ke taɓa shi: ɗaya tana yanka, ɗaya tana duban agogo don a kashe shi ya huce. Sauran suna ɓare albasa suna shanyawa. Mata ishirin, inji guda, aiki na makonni. A nan lissafi ya fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma mai sayar da burodi da nama a bakin tasha, ko mai gidan abinci a Tawa da ke da firigo, yana iya samun riba da shi, don kowace rana zai yi aiki kuma yankansa ba ya fin juna. In ƙungiya za ta saya, ta tambayi mai juyawa da hannu tukuna. Ba ya son kuran, ba shi da motar da za ta ƙone.

Ga wanda ya riga ya mallaka

In inji yana gidanka, kada ka yar. Ga yadda za ka yi aiki da shi lafiya.

1. Karanta lambobin da ke ƙarƙashinsa kafin ka sa shi ga wuta. In ka ga 220 ko 230, daidai ne. In ka ga 110 ko 120, na Amurka ne, wutarmu za ta ƙona shi nan take. Duba kuma minti nawa aka rubuta zai yi aiki, ka riƙe wannan lamba.

2. Aza shi bisa tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, wurin da ba jiƙe ba. Kada ka aza shi ƙasa inda yara ke rarrafe.

3. Cire ƙashi duka, da jijiya, da kitse. Ƙashi yana fasa bakin wuƙa, jijiya tana naɗewa, kitse kuwa shi ke fara wari cikin busasshen nama.

4. Nama ya zama gasasshe ko dafaffe da ya huce, ko ɗanye da ya sandare cikin firigo. Ka fito da shi kaɗan-kaɗan, sauran ya jira cikin sanyi.

5. Kullum ka danna da abin dannawa. In nama ya rage ɗan guntu, bar shi, ka ƙarasa da wuƙar hannu. Guntun nama bai kai yatsa ba.

6. Tura faranti a hankali. In ka ji kukan mota ya canza, ko ka ji ƙauri, kashe.

7. Da ka gama, maida maɓalli bisa sifiri don bakin wuƙa ya ɓuya, sannan ka cire waya daga bango. Ba a wanke inji, ba a share shi, waya tana ga wuta.

8. Kwance wuƙa, ka riƙe ta da tsumma mai kauri, ka wanke daga tsakiya zuwa baki da ruwan zafi da sabulu. Ɗauraye da ruwan da aka sa wa jabel, babban cokali guda cikin lita 4 ko 5. Bar ta ta bushe sarai kafin ka maida. Jikin da ke da mota ba a tsoma shi cikin ruwa.

9. In ka yanka ɗanyen nama, kada albasa ko burodi ko gasasshen nama su hau inji sai an wanke.

10. Yaro ba ya taɓa shi, yana aiki ko ba ya aiki. Ajiye shi inda hannunsa ba ya kai.

Naman da kansa

Ko da wuƙa ko da inji, dabbar da ba ta da lafiya ba a yin kilishi da ita. Ƴan arewa ba su manta da shekara ta 2016 ba, lokacin da zazzaɓin da likitoci ke kira na kwarin Rift ya shiga yankin Cintabaraden da Tasara. Bisashe suka yi ta ɓari suna mutuwa, mutane ma suka rasu. Ciwon yana kama mutum ta jini da ruwan jikin dabba, wajen yanka da fiɗa da karɓar haihuwa. Rana tana busar da nama, amma ba ta kashe kowace cuta. In dabba ta faɗi ba a san dalili ba, a kira ma'aikacin sarwisin kiwo ya duba kafin a sa mata wuƙa.

A tuna kuma tsokar nama kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Cikin kilo 4 akwai ruwa kusan kilo 3, kuma yawancinsa sai ya fita kafin nama ya ajiyu. Shi ya sa ake yanka shi siriri, a shanya tun da safe, bisa gado mai tsawo inda iska ke ratsawa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Kowace shekara Layya tana matsowa da kwana 11, tana barin damana tana shiga bazara. Rana za ta yi ƙarfi, shanya za ta yi sauƙi, amma naman da aka bari cikin tasa zai fi saurin lalacewa. A shirya wurin shanya da mai yanka tun jajibiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata

Ɗan biɗa da ke shirin komowa gida, in ka ga injin nan a kanti ya ba ka sha'awa, ka tuna ko akwai kuran da firigo a gidanku. In babu, ka riƙo kuɗinka. Magidanci, ranar Layya ka kai cinyarka ga mahauci, ka biya shi ladansa, ka sa ɗanka ya zauna ya kalla. In kana son abin da zai taimake ka a gida, ka sayi wuƙa mai kyau wajen maƙeranmu da dutsen wasa wuƙa, za su yi maka shekaru. Ƙungiyoyin mata da na masu garka kuwa, ku zauna ku yi lissafin nan da alƙalami da takarda, ku tambayi malamin gona na yankinku, sannan ku yanke shawara tare.

Yaron ɗan kawuna ya warke, sai ɗan tabo da ya rage masa. Inji kuma yana wajen matan ƙungiya, ubansa ya bar musu shi, su kuma duk kakar albasa suna aiko masa da rabonsa na busasshiya.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana bisashenmu. Amin.